Fuskar da Ke Ƙarƙashin Nicanor

Birnin Mexico, 11 ga Maris, 1974

Zuwa ga Kaka Herlinda, mai girma da daraja,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinki a zuriyarmu, ina fatan ciwon gwiwar ya sassauta, idon kuma bai ƙara dushewa ba. Ni lafiyata ƙalau. Mama tana gaishe ki, ta ce in tuna miki cewa ni ne Anselmo, jikan yayarki Amparo. Na ce mata mutumin da ya sauka gidanki a watan jiya, ya cinye ƙunshin tamal bakwai, wannan dafaffen ƙullun masara naki, sannan ya fita da hoton da ke rataye a bangon ɗakinki, ba shi da bukatar a gabatar da shi sau biyu.

Na iso da hoton gidan adana kayan tarihi ba tare da ko ƙwarzane ba. Kamar yadda na bayyana miki, a watan Nuwamba za mu buɗe baje kolin hotunan 'yan wasan barkwanci na zamanin da ake wasa a cikin tantuna, abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan, saboda magabatanmu a wannan fanni sun ɗauki dariyar talaka a matsayin abin da bai cancanci nazari ba. Shugabanmu, Dakta Villaseñor, ya damƙa gyaran hotonki a hannuna, alhali ni ne mafi ƙarancin shekaru a ma'aikatan. Ba yabon kai nake yi ba, amma ba na zaton ya yi kuskure.

Kowa ya tsaya gaban hoton sai ya murmusa: marigayi mijinki Don Nicanor a shigar Kurtu Tiburcio, matsoracin ɗan sanda, hula ta yi masa kaɗan, usur a wuya, kulki a hannu ɗaya, zakaran da ya kama da laifi a hammata.

Yanzu ga muhimmin al'amari, kuma ina roƙon a karanta wannan shafi da natsuwa. Da na haska hoton daga gefe, sai na lura cewa fentin fuskar ya fi na jikin kauri, kuma sinadarinsa ya saɓa. Na nemi alfarmar wani abokina likita, muka sa ƙyallen da aka yi zanen a kansa a na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashi. Sakamakon ya tabbatar da hasashena: a ƙarƙashin fuskar da ake gani akwai wata fuskar, wadda ta riga ta, kuma hannun da ya zana jikin da zakaran shi ya zana ta. Bisa dukkan alamu hannun Fulgencio Arreola ne, mashahurin mai zanen da hotunansa uku kacal suka rage. Ƙa'idar sana'armu a fayyace take: duk wani ƙari da wani hannu ya ɗora daga baya, kawar da shi ake yi, domin asalin aiki ya bayyana. Saboda haka ina neman izininki, a rubuce, in cire fuskar ta sama.

Ki huta lafiya, cikin kariyar Ubangiji.

Jikanki mai biyayya,
Licenciado Anselmo Urrutia Berlanga

*

Orizaba, 29 ga Maris

Chemo,

Ina gaishe ka, ina gaida uwarka. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta, ido kuma kamar ina kallon duniya ta cikin ruwan shinkafa. Maƙwabciyata Pachita ce take rubuta wannan, ita ce kuma ta karanta min taka. An ce yanzu Licenciado ake kiranka, wai mai digiri. To, Licenciado, ni na wanke maka gindi a bahon ƙarfe ranar baftismar ƙanwarka, saboda haka Chemo za ka ci gaba da amsawa.

Wasiƙarka ta ba mu wahala. Pachita ta karanta shafin farko, muka ji daɗi. Da ta shiga na biyu sai ta fara tuntuɓe, ta ce, “Linda, yaron nan ƙamus ya haɗiye?” Na ce ta faɗa min ma'anar kawai. Ta bi da yatsa har ƙasa, ta ce, “Wai fenti ya yi kauri, yana neman izini a rubuce ya cire abin da ya taru a sama.” Na ce ai wannan ba sai an kai shi asibiti ba. Shekara ashirin da uku ina kunna masa kyandir a ƙasansa, dole hayaƙi ya taru. Ga izini nan, na sa hannu da kaina a ƙasa. Ka wanke shi tas, amma a hankali wajen gashin baki.

Da ka ce mutane suna murmushi a gabansa, sai na tuna ƙofar tantinmu, La Golondrina. Nan yake rataye, shi da hotuna shida na sauran 'yan wasa, a kan igiya, a saman inda mai sayar da gyaɗa yake zama. Masu aikin masaƙa suna tasowa da yamma da auduga a gashinsu, su tsaya su nuna shi da yatsa, su fara dariya tun ba su shiga ba. Ciki kuwa warin ƙasa jiƙaƙƙiya da lemo da kananzir. In aka yi ruwa, 'yan layin gaba su buɗe laima, wasa ya ci gaba.

Babanmu, Don Crescencio, shi ne mai tantin. Akwai wani rami a labule, gefen hagu, kamar girman kwabo. Duk lokacin da Nicanor ya hau dandamali, sai Baba ya manna ido ɗaya a ramin, daga farko har ƙarshe. In Nicanor ya sauko, mutane suna ta tafi, sai Baba ya ce, “Ka yi saurin sakin zakaran.” Nicanor ya ce, “Zakaran ne ya yi saurin sakina, Don Chencho.” Shekara tara suna wannan.

Ka san ba ni da wani hoton Nicanor. Duk abin da muke da shi ya tafi a gobarar shekarar talatin da takwas, wannan ya tsira ne don yana waje. Sharaɗina yana nan kamar yadda na faɗa maka: kafin biyu ga Nuwamba, Ranar Matattu, ya dawo gida ya kwana biyu a kan teburinsa da furanninsa da kofinsa. Bayan nan ku mayar da shi ku kalla har ku gaji.

Pachita ta ce hannunta ya yi tsami.

Kakarka,
Herlinda

*

Birnin Mexico, 6 ga Mayu

Kaka Herlinda mai karamci,

Ina miƙa gaisuwa tare da addu'ar samun sauƙin gwiwa. Na yi mura ta mako guda, ta wuce.

Izininki ya iso, kuma ina jinjina wa wannan wayewa taki. Mutane da yawa masu shekarunki da sun bari ƙauna ta rinjayi hankali. Zancen hayaƙi da gashin baki ya ba ni dariya. Na fahimci raha ce irin ta mutanen dandamali, kuna rufe babban abu da ƙaramar magana.

Na fara aiki ranar Litinin ta makon jiya. Aiki ne na haƙuri: gilashin ƙara girma a ido, ƙaramar wuƙar tiyata a hannu, auduga da ruwan narkar da fenti a gefe. A yini guda ba na cire abin da ya wuce faɗin farce. Na faro daga kunnen hagu, kuma ina shaida miki ban yi baƙin cikin rabuwa da shi ba. Wanda ya zana fuskar nan ta sama, ko wane ne shi, Allah Ya gafarta masa, bai san ƙirar jikin ɗan Adam ba. Kunnen hagu ya fi na dama tsayi da yatsa biyu. Fentin kuwa irin na shafa wa ƙofa ne. Wannan ba zane ba ne, ta'adi ne da aka yi da kyakkyawar niyya.

Amma abin da ke fitowa daga ƙarƙashi, Kaka, ya isa a cire masa hula. Jiya da hantsi na kai ga gira. Akwai tabo da ya raba girar hagu gida biyu, an zana shi da bugun burushi ɗaya tak, kuma a ƙasansa fatar ido ta fara bayyana. Ban san wane ne wannan ɗan wasa ba, na sa masa suna “Baƙon Arreola” a rahotona. Dakta Villaseñor ya leƙo, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Urrutia, in ka fito da mutumin nan gaba ɗaya, shi za mu buga a bangon littafin baje kolin.” Na amsa masa da cewa ba ni zan fito da shi ba, tarihi ne zai fito da shi, ni hannu ne kawai. Na ga alamar maganar ta burge shi.

Bisa lissafina, zan kammala idon a watan Yuni, hanci a Yuli, baki da haɓa kafin Agusta ya ƙare.

Jikanki,
Lic. Anselmo Urrutia Berlanga

*

Orizaba, 14 ga Mayu

Chemo,

Ka ajiye wuƙar nan. Gaisuwa ta biyo baya.

Pachita ta tafi Córdoba wajen 'yarta da ta haihu, sai na kai wasiƙarka kantin magani, Don Eleuterio ya karanta min, bai tsallake komai ba. Na sa ya karanta ta farkon ma. Shi yake rubuta wannan. Ya ce a buga maka waya ta telegiram, na ce a'a, a gidanmu mutuwa kaɗai ake aika wa haka, kada uwarka ta suma. Zai aika ta wurin aikinka don ta fi saurin samunka.

Mai tabo a gira babana ne. Sandar tanti ce ta faɗo masa a Tehuacán tun ina goye. Uban kakarka Amparo ne, kakan uwarka. Na san abin da aka gaya muku, wai ɗan kasuwa ne mai hayar tanti. Amparo ta auri akawu, sai ta ga kunya ce a ce ubanta yana faɗuwa a bainar jama'a da zakara a hammata. Shi ne Tiburcio na farko, shekara goma sha takwas.

Ga abin da ba a koya maka ba. A tanti, ɗan wasa yana tsufa, amma Tiburcio ba ya tsufa. Ba a sauke hotonsa, ba a sake sabo. Ranar da hula ta koma kan wani, fuskar kaɗai ake sakewa, kuma mai barin hular shi yake fara shafa fenti a kan fuskarsa da hannunsa, daga baki, domin bakin ne ya miƙa. Haka aka yi wa duk hotunan bakwai. Na mai sayar da madara fuska huɗu ce a kansa.

A shekarar ashirin da tara murya ta ƙare wa Baba. Wata Litinin da safe, ranar da ba ma wasa, ya sa aka sauko da hoton, aka jingina shi da akwatin kaya. Ya ce, “Kai mai ƙafar agwagwa, zo ka faɗi in gani.” Nicanor ya zo ya faɗi. Baba ya ce, “Buhun masara ke nan. Tiburcio ba ya faɗuwa, ƙasa ce take tasowa ta same shi.” Nicanor ya ce, “Ai jiya sun yi dariya, Don Chencho.” Baba ya ce, “Wandonka suka yi wa.” Ya sa shi ya faɗi sau goma sha ɗaya. Sannan ya cire hular daga ƙusa, ya kifa masa a kai, ya dube ni, ya dube shi, ya ce, “Ɗauki hular, ɗauki yarinyar. Hular nake tsoron ka lalata.” Iyakar neman auren da aka yi ke nan.

Sai ya tsoma burushi, ya ja layi ɗaya mai kauri a kan bakinsa na hoton. Ya miƙo min burushin, domin Arreola ya riga ya rasu, ni ce kuma nake rubuta allon ƙofa. Da fentin ɗakin sayar da tikiti na yi, ka faɗi gaskiya, na ƙofa ne.

Ni ce mai ta'adin, Licenciado. Safiya uku Nicanor yana zaune a kan bokiti, na ce kada ya motsa, shi kuwa yana motsa kunnen hagu shi kaɗai, abin da ya iya tun yana yaro, har dariya ta hana ni riƙe burushi. Na ce in bai daina ba, haka zan zana shi. Bai daina ba. Kunnen da ka ce ba ka yi baƙin cikin rabuwa da shi ba ke nan.

Ban sani ba ko nawa ya rage. Ka tsaya inda kake.

Herlinda Cásares, matar Nicanor

*

Birnin Mexico, 19 ga Yuni

Kaka Herlinda,

Ina fatan lafiya ce ta kawo wannan dogon shiru. Mako shida ke nan ban ga amsarki ba. Mama ta ce damina ce ta tayar da gwiwar; ni kuwa na fi zaton kin ji haushi ne da na ce maganarki raha ce. Idan haka ne, ina janye kalmar, ko da yake a fahimtata yabo ce.

A al'adar ma'abota ilimi, shirun mai izini tabbaci ne na izininsa, don haka ban dakata ba. Ina farin cikin sanar da ke cewa idon hagu ya fito gaba ɗaya, da rabin kunci. Ido ne mai ban mamaki. Ba ya dariya, alhali duk jikin yana dariya. Kallo yake yi irin na mai bincike, kamar yana auna wani abu da bai gamsu da shi ba. Na rubuta shafi huɗu a kan wannan ido kaɗai, a ƙarƙashin taken “Baƙin Ciki a Matsayin Ginshiƙin Barkwanci”. Zan aiko miki da kwafi, wataƙila maƙwabciyarki ta daure.

Na fi lissafina sauri. Dakta yana son hoton ya shiga maɗaba'a da wuri, saboda haka na sauya tsari: zan tsallake hanci in tafi kai tsaye ga baki, inda fentin ya fi ko'ina kauri da muni. Akwai wani layi a ƙarƙashin gashin bakin, mai kauri kamar an shafa shi da tsintsiya. Ranar Litinin mai zuwa zan fara da shi.

Ki daure ki aiko da ko layi biyu.

Naki,
Lic. A. Urrutia Berlanga

*

Birnin Mexico, 25 ga Yuni

Kaka,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Lafiyar jikina ƙalau.

Wasiƙarki ta 14 ga Mayu ta shigo hannuna jiya Litinin, ƙarfe tara da kwata. Ta yi kwana talatin da biyar a aljihun teburin mai gadin ƙofarmu, Don Ponciano. A bayan ambulan an rubuta “Chemo, jikan Amparo”. Ni kuwa tun ranar da na kama aiki na gargaɗi kowa cewa ba ni da wani suna sai Licenciado Urrutia. Jiya Mama ta kawo min abincin da na mance, ta tsaya a ƙofa ta ce a kira mata Chemo. Don Ponciano ya hauro bene da ambulan a hannu, ya same ni na ɗaura rigar aiki, na jiƙa auduga. Ya ce, “Ashe kai ne Chemo? Na tambayi kowa har mai shara. Da na san a ƙarƙashin Licenciado akwai wani, ai da na kankare na duba.”

Na karanta a tsaye. Ban taɓa bakin ba. Ina so ki fara sanin wannan.

Ga abin da ya tafi, kuma ba zan lulluɓe shi da manyan kalmomi ba: kunnen hagu, girar hagu, idon hagu, da kunci har zuwa gefen hanci. Ga abin da ya rage: idon dama, hanci, gashin baki, baki, haɓa, da layin da Don Crescencio ya ja. Abin da na cire ba ya mayuwa. Ya zama ƙura a kan auduga, audugar kuma an zubar.

Na kai wa Dakta Villaseñor wasiƙarki. Ya karanta, ya ce labari ne mai taɓa zuciya, za a sa shi a littafin. Sannan ya ce, “Amma muna da izini a rubuce, kuma rabin fuska ba ta da amfani ga kowa. Ka ƙarasa.” Na ce izinin wanke hayaƙi ne. Ya ce, “Urrutia, kai ka ce min tarihi ne yake aikin, kai hannu ne kawai.” Na ce hannun ya gaji. Ya ce akwai wasu hannuwan a ginin. Don haka na kulle hoton a kabad ɗina, makullin yana wuyana, zai zauna a nan har in ji daga gare ki.

Wajibi ne in shimfiɗa miki zaɓin da gaskiya. Kafin in fara aiki na ɗauki hoton fuskar Don Nicanor da kyamara, baƙi da fari, kunnen yana ciki. Hanya ta farko: in dubi wannan hoto in sake zana abin da na cire, zai yi kama, amma hannuna ne, ba naki ba, kuma zan sake rufe idon mahaifinki. Hanya ta biyu: in ƙarasa, ki sami fuskar mahaifinki cikakkiya, wadda rabonki da ita a hoton shekara arba'in da biyar, Don Nicanor kuma ya rage a takarda. Ban san ta uku ba.

Shafi huɗun da na rubuta a kan idon na yaga su. Na yi mako uku ina kallon idon kakan mahaifiyata ina kiransa baƙo.

Game da abin da na faɗa a kan mai zanen, ba ni da kalmar da ta isa, kuma wannan ne karo na farko da hakan ta same ni.

Chemo

*

Orizaba, 8 ga Yuli

Chemo,

Ina gaishe ka. Gwiwa da sauƙi. Pachita ta dawo, jaririn namiji ne. Ta karanta wasiƙarka daga sama har ƙasa ba ta yi tuntuɓe ba, ta ce, “Wannan karon wani ne ya rubuta masa?”

Na yi kwana huɗu ban amsa ba don ba na so in amsa da fushi, kuma don ka sa min kwaɗayi. Ba zan ɓoye maka ba. Na manta yadda bakin Baba yake. Ina tuna muryarsa, ina tuna warin tabarsa, amma in na rufe ido in nemo bakin, sai na Nicanor ya zo. Na zauna ina cewa, yaron nan zai iya nuna min shi kafin idona ya rufe gaba ɗaya. Har na ce wa Pachita ta ɗauko takarda.

Sai na tuna wanda ya rufe bakin. Ba Arreola ba ne, ba ni ba ce. Mutumin nan bai iya rubuta sunansa ba, bai taɓa zana komai ba a duniya sai layin nan ɗaya da ka ce kamar na tsintsiya. In ka cire shi don ka nuna min Baba, Baban ka cire. Kuma ya miƙa bakin a gaban mutane goma sha huɗu, ba ni da ikon karɓo masa.

Kunnen kuma kada ka zana. Kai za ka yi shi daidai ne, ka ɓata. Aiko min da na takardar, ya ishe ni.

Kuka na yi a kan kunnen nan, ba kaɗan ba. Amma da Pachita ta sake karanta min wasiƙarka ta Yuni, inda ka ce idon ba ya dariya, yana kallo kamar bai gamsu ba, sai na ji dariya ta kama ni har na riƙe tebur. Pachita ta ce, “Linda, lafiya?” Na ce, “Idon hagu ne fa.” Na dama ba ya gani sosai, da na hagu yake leƙe. Ka ɓata wata biyu da wuƙa da gilashi, ka huda wa tsohon nan rami a labule. Shekara tara ya yi yana leƙen Nicanor ta nan, mutuwa ta raba shi da ramin, kai ka mayar masa.

Ga ta ukun da ka ce ba ka sani ba: ka bar su haka. Ka shafa abin da kuke shafawa don kada sauran ya ɓamɓare, shi ke nan. Ka gaya wa Daktanka na janye izinina, ga sa hannuna a ƙasa, Don Eleuterio shaida. In yana so ya rataye su yadda suke, bayan biyu ga Nuwamba, na yarda. In ba ya so, bangona yana nan da ƙusarsa.

Bana kofi biyu zan ajiye a teburin. Na Baba ba sukari.

Kakarka,
Herlinda

*

Birnin Mexico, 21 ga Oktoba

Kaka,

Ina gaishe ki, ina gaida Doña Pachita. Lafiyata lau.

Dakta ya cire hoton daga bangon littafin, ya cire ni daga gyaran sauran hotunan. Yanzu ni nake buga katunan da ake mannawa a ƙasansu. Amma ya yarda a rataye naki yadda yake, a bango na ƙarshe kusa da ƙofar fita. Na ce masa a ƙofa dama ya saba zama.

Tun da aikin katin a hannuna yake, ga abin da na buga, ki ji kafin kowa ya gani:

“Kurtu Tiburcio, na tantin La Golondrina. Ido ɗaya na Crescencio Cásares, sauran fuskar ta Nicanor Olvera. Masu zane: Fulgencio Arreola, 1911; Crescencio Cásares da Herlinda Cásares, 1929.”

Sunana ba ya ciki. Na yi tunanin in sa, a matsayin wanda ya huda labulen, sai na ga ki fara gani tukuna.

Ni da hoton za mu taso da motar safe ranar talatin da ɗaya ga wata. Na kama kujera biyu, ta taga tasu ce. Ki sa tamal ya fi bakwai.

Chemo, jikan Amparo